Tsofaffin Hanyoyin Ƙafa na Godogodo: Tafiyar Yini Ɗaya Cikin Zafin Bazara



A ƙarshen watan Maris, lokacin da mangwaro ya fara nuna, iskar hunturu ta ɗauke, damina kuma ba ta sauka ba, mu tara muka fita da ƙafa daga Godogodo bayan sallar asuba. Babu wanda ya aike mu. Wani ƙanenmu da ke karatu a Amurka ne ya jawo abin, domin ya yi ta turo mana hotunan yadda mutanen can ke ware rana guda su shiga gandun dajin jiharsu su yi ta tafiya a ƙasa cikin zafi, kowa da gorar ruwansa a baya, ga alluna a bakin hanya suna nuna saura mil nawa, ga gargaɗi cewa kada a fita da tsakar rana. Ya ce me ya hana mu yin irin wannan a gida. Da aka nuna wa wani dattijonmu hotunan sai ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Yarana, wato abin da ubana da kakana suka yi don neman abinci shi ne yanzu ake yi don nishaɗi? To ku shirya in nuna muku inda suka bi." Shekarunsa sun haura 70, amma shi ya shige gaba, kuma shi kaɗai ne a cikinmu bai nemi a tsaya a huta ba.

Abin da muka bi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a nan. Turba ce siririya tsakanin gonakin da aka girbe, ta ratsa fako, ta gangara rafi, ta haura tudu. Sai da Baba ya fara bayani muka gane cewa mun daɗe muna taka tarihi ba mu sani ba. Shi ya sa da muka dawo muka ga ya dace mu haɗa abin da ya faɗa mana da abin da ke rubuce a littattafai, mu ajiye a nan saboda na baya.

Ƙasar nan tamu ta Jama'a tana gindin tsaunukan Filato ne ta kudu maso yamma. Iskar damina da ke tasowa daga teku takan ci karo da waɗannan duwatsu ta zubar da ruwanta a kanmu, shi ya sa ruwan da muke samu a shekara ya fi na Kano ko Katsina nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa kusan kowane kwari yana da rafinsa da kurminsa. Wannan ni'ima ita ce kuma ta hana tafiya da damina a zamanin da babu gada. Rafin da yaro ke tsallakewa a Fabrairu, a Agusta sai ya ci doki da mahayinsa. Saboda haka fatauci ya zama aikin rani: ana gama kaka a ɗaure kaya, a yi tafiya cikin hunturu, a yi ƙoƙarin komowa gida kafin ruwa ya sauka. Wanda ya makara kuwa, bazara ce za ta same shi a hanya, watau Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 35, ciyawa ta ƙone, ƙananan rafuka suka ƙafe. Irin wannan rana muka zaɓa da gangan, domin mu ɗanɗana.

Ayarin da ya taso daga Kano ya biyo ta Zariya yakan gangaro ta Kauru da Zangon Katab, ya faɗo Jama'a, ya miƙe Keffi, har bakin Binuwai a Loko. Sunan Zangon Katab kansa shaida ne, domin zango shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Daga arewa ana kawo kanwa da gishiri da rinannun tufafi da kayan fata da dawakai. Daga kudu ana ɗauko manja da hauren giwa da kayan Turawa da ke hawowa ta kogi. Jaki da takarkari sun yi aiki a wannan hanya, amma da zarar an shigo ƙasar kurmi sai tsando ya fara cin dabbobi, don haka kaya da yawa a kan ɗan Adam suke ƙarasa tafiya.

Abu na farko da Baba ya koya mana shi ne madugu ba ya faɗa da rana. Tun carar zakara ta farko ake ɗaure kaya, jagaba ya shige gaba, kafin hantsi ya dubi ludayi an ci rabin tafiyar yini, kafin azahar an sauka a zango. Ba a cika wuce mil 15 a rana ba, ba don rashin ƙarfi ba, sai don gobe ma akwai tafiya, jibi ma haka. Kuma ba nisa ke yanke inda za a kwana ba, ruwa ne. Madugun kirki ya san kowane rafi da ba ya ƙafewa, ya san inda in aka tona yashi kamu biyu ruwa zai tsattsafo, ya san garin da rijiyarsa ke ƙafewa tun Fabrairu. Gargaɗin da ƙanenmu ya gani a allunan Amurka, ashe a kan madugai yake tun kafin a rubuta shi.

Wajen ƙarfe takwas muka iso wata tsohuwar ɗorawa, Baba ya tsaya ya dafa wani reshe mai baki biyu wanda tsayinsa bai wuce kafaɗar mutum ba. Ya ce mu faɗa masa sunan wannan. Babu wanda ya sani a cikinmu, har da masu digiri. Ya ce wannan shi ne loko. Ɗan alaro yana tafe da kaya a kan gammo, da doguwar sanda a hannu. In ya iso irin wannan bishiya sai ya cusa gaban kayan a tsakanin rassan nan biyu, ya tokare bayan da sandarsa, ya sulale ya fita daga ƙarƙashi, kayan na rataye a sama. Ya sha ruwa, ya miƙe wuya, in ya huta ya koma ƙarƙashin kayansa ya ɗaga ya wuce, ba tare da ya nemi kowa ya aza masa ba. Da kaya a ƙasa ya sauke, sai ya jira wani ya zo. Mun daɗe a wurin muna gwadawa da jakunkunanmu, kuma mun yarda cewa wanda ya ƙago wannan dabara ya san wahalar kaya. Duk hanyar fatake haka take a jere da irin waɗannan bishiyoyi, kuma ba a sare su, domin kowa ya san amfaninsu.

Guzurin ma an yi shi ne daidai da rana: fura, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi ga mai hali, abubuwan da ba sa lalacewa cikin zafi kuma ba su da nauyi. Ruwa a gora ko gyanɗama, masu dabbobi kuma a salka, wadda ke tsattsafo da danshi ta waje iska ta busa ruwan ciki ya yi sanyi. Ga malafa a ka. Mu kuwa da muka fito da robobin ruwa na zamani, kafin ƙarfe goma ruwanmu ya zama kamar na wankan jego.

Baƙon farko daga Turai da ya rubuta labarin wannan yanki, a wannan hanya ya zo. A watan Afrilu na 1827 Hugh Clapperton ya rasu a Sakkwato, sai baransa Richard Lander ya kwashi takardunsa ya yi niyyar gangarawa kudu don ya kai ga kogin Kwara. A watan Yuni na shekarar ya iso wani gari da ya rubuta sunansa Dunrora, wanda masana tarihi suka ɗauka Daroro ce tamu. A nan mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka mayar da shi Zariya. Abin lura shi ne da damina ya yi tafiyar, lokacin da fatake ke gida suna noma, ya kuwa sha fama da rafuka. Sai a 1830 ya dawo tare da ƙanensa John suka bi Kwara har teku ta wata hanyar daban.

Ita wannan Daroro, wadda ba ta da nisa da Gidan Waya ta yau, a gindin dutsenta aka kafa Jama'a wajen shekarar 1810, ƙarƙashin Malam Usman, malamin da ya fito daga ƙasar Kabi, tare da Fulanin da suka taru gare shi. Shi ya sa ake cewa Jama'ar Daroro. Masarautar ta kasance a ƙarƙashin Zazzau, kamar Keffi da Nasarawa, tana kai gaisuwa Zariya duk shekara.

A nan ya kamata mu faɗi abin da sau da yawa mukan tsallake in muna ba 'ya'yanmu labari. Cikin gaisuwar da ake kaiwa Zariya akwai bayi, kuma cikin kayan da ayari ke kora arewa akwai mutane. Ranin da muke kira lokacin fatauci shi ne kuma lokacin hari, domin a lokacin ne doki ke iya ratsa rafi, ciyawa ta ƙone babu wurin ɓuya. Maƙwabtanmu Nindem da Kaninkon da Kagoma da Bajju da Numana da Ayu da sauransu suna da nasu tarihin waɗannan hanyoyi, kuma ba irin namu ba ne. Turbar da kakan wani ya bi da kanwa ya dawo da riba, ita ce aka bi da kakar wani ba ta dawo ba. Ba don sha'awar iska mutane suka gina gidaje a kan duwatsu suna hawa da tulun ruwa a ka ba. Mutanen Kagoro, waɗanda dutsensu ya haura mita 1,200, da kogunan dutsen nan da lungunansa suka kare kansu, har Turawa suka zo suka same su ba a ƙarƙashin kowa ba, shi ya sa Kagoro da Jaba da Marwa suka ci gaba da zama da sarakunansu. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Mun kawo shi ne don duk wanda zai taka waɗannan hanyoyi tare da maƙwabcinsa ya san cewa ƙasa ɗaya suke takawa amma abin da kowa ke tunawa daban ne. Cikin mu tara ɗin nan biyu ba Hausawa ba ne, abokan karatunmu ne tun firamare, kuma da muka iso wannan magana ɗayansu ya ce kakarsa takan hana su wasa a kan babbar turba da rani, har ta rasu ba ta daina ba, alhali an yi shekaru da dama da daina hari. Muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan muka ci gaba da tafiya.

Da Turawa suka ci ƙasar, Jama'a ta faɗa Lardin Nasarawa, sannan a 1926 aka mayar da ita sabon Lardin Filato. Ɗaya daga cikin jami'an da suka zauna a Jama'ar Daroro wajen 1908 zuwa 1909 shi ne A. J. N. Tremearne. Ya yi rubutu a kan ƙabilun yankin da irin raini na Turawan zamanin, wanda ba ya karantuwa da daɗi a yau. Amma ya kuma zauna da Hausawan da ya samu a nan ya rubuta tatsuniyoyinsu, waɗanda suka fito a littafinsa Hausa Superstitions and Customs a 1913. Wato wasu daga cikin tatsuniyoyin Hausa da aka fara bugawa a Ingila, a ƙasar nan aka ji su.

Abin da ya fi kowane abu sauya hanyoyin nan shi ne kuza. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kan tsaunukan Jos, alhali babu jirgin ƙasa babu mota. To yaya za a kai ta teku? A ka. Ana ɗaura wa mutum kaya mai nauyin kusan kilo 27, ya gangaro daga tsauni, ya biyo ta Jama'a da Keffi, tafiyar kimanin mil 200 har Loko, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Ya kuma komo da kayan aikin haƙa a ka. Baba ya ce kakansa yana cikin waɗannan 'yan alaro, kuma har ya tsufa akwai wani wuri a tsakar kansa da gashi bai sake fitowa ba. Sai da layin dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, sannan aka ja ƙaramin layi daga Zariya ya kai Jos a 1914, wannan jigila ta Loko ta mutu.

Haƙar ba ta tsaya a kan tsauni ba, ta gangaro ƙasar Jama'a, inda ake samun kuza a cikin yashin rafuka da jijiyoyin duwatsu. Godogodo ta bunƙasa da wannan aiki. In ka bi salsalar gidajenmu da yawa, ko dai fatauci za ka tarar ko bariki: 'yan cin rani daga ƙasar Kano da Zazzau da Sakkwato da Barno da suka zo da niyyar yin rani ɗaya su tara kuɗin haraji da na aure, sai zama ya kama su. Mafi yawansu da ƙafa suka zo. Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka zo ba. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawa, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa sarakuna kawo leburori na tilas zuwa filayen kuza. Wannan shi ne abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma ya ci gaba har 1944. An kwashi dubban mutane daga ƙauyuka, da yawa sun mutu a kan tsauni saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Mahaifin Baba yana cikin waɗanda aka ɗiba. Da aka sallame shi bai koma garinsu ba, ya gangaro nan inda ya ji ana biyan lada kuma babu sanyin Filato, ya yi aure, ya zauna. Ramukan da muka riƙa gani a gefen hanya, wasu da ɗan koren ruwa a ƙasansu, wasunsu tun na wancan zamani ne, wasu kuma na masu neman duwatsu masu daraja ne na baya-bayan nan.

A irin wannan rami ne, a wani wurin haƙa da ake kira Tsauni kusa da Jama'a, aka tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu a farkon shekarun 1940. Wanda ya same shi ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi don korar ɓarna, har ya yi shekara yana wannan aiki. Daga baya aka kai shi Jos wurin Bernard Fagg, wanda ya lura cewa ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok a ƙasar Jaba a 1928. Daga nan aka gane cewa wata al'umma ce guda mai fasahar ginin yumɓu, wadda ta rayu a nan fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, kuma ta san narkar da ƙarfe. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ya samo tushe daga irin waɗannan kaya. Duk duniya an san wannan kai da sunan Jama'a. Muna ta taƙama da wa ya riga wa zuwa, ga shi ƙasar ta nuna mana waɗanda suka riga mu duka.

Jirgin ƙasa ne ya ƙarasa kashe zango. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe daga Kafanchan ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau Jos. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai. A 1933 fadar Jama'a kanta ta tashi ta koma Kafanchan, kusa da tasha. Tafiyar da ke cin mako biyu ta koma ta kwana ɗaya. Ɗan kasuwa ya daina neman madugu ya koma neman tikiti, garuruwa irin su Jagindi Tasha suka tsiro a bakin dogo, tsofaffin masaukai suka koma gonaki. Daga baya kwalta ta zo, sannan acaɓa, wanda ya sa yanzu saurayi ba ya iya zuwa bayan gari da ƙafa.

Game da tambayar ƙanenmu kuwa, ko muna da irin gandun dajinsu, amsar ita ce muna da shi, sai dai ba don yawo aka yi shi ba. Gandun dajin Nimbiya, wurin da direbobin hanyar Jos ke kira Fores, an kafa shi ne a 1957 don noman katako, aka shuka itacen tik a fili mai faɗin sama da hekta 2,000. Wanda ya taɓa ratsa shi a Maris ya san abin haushinsa: tik yakan zubar da ganyensa kaf da rani, sai ka ga daji har iyakar ganinka amma babu inuwar da za ka fake, ga busassun ganyaye masu faɗi a ƙasa suna jiran ashana ɗaya. Kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro daban ne. Shi ragowar asalin dajin ƙasar ne, mai duhu da sanyi ko da bazara, kuma masu binciken tsuntsaye da suka yi aiki a cikinsa a shekarun 1980 sun samu ire-iren da aka saba gani a dazuzzukan kudancin Najeriya kawai. Ga dutsen Kagoro da ake hawa, musamman lokacin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Ga Matsirga kusa da Madakiya, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kusan mita 30. Wuraren ba su gaza na kowa ba. Abin da babu shi ne allo, da mai gadi, da kwanciyar hankali.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi rana ta nuna mana iyakarmu. Mun fito wani dogon fako da aka ƙone, babu bishiya sai kututture, ƙasa baƙa tana mayar da zafi sama, iska kuma kamar daga bakin murhu. Ƙaramin cikinmu, wanda ya sa baƙar riga ba hula, ya kuma shanye ruwansa tun da hantsi, ya fara cewa kansa na sarawa, can sai muka ga yana tangaɗi. Abin da ya ruɗe shi shi ne bai ga gumi a jikinsa ba, sai ya ɗauka lafiya lau yake. A busasshiyar iska gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, mutum na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya yana tafiya bai sani ba, sai farin gishiri da zai gani a wuyan riga. Baba bai yi faɗa ba. Ya sa muka tallafe shi zuwa wani ɗan kurmi da ke gangare, inda kwakwar manja da tukurwa suka rufe sama. Shigarmu ke da wuya muka ji kamar an buɗe mana wata ƙasa. Rafin ya ƙafe, amma Baba ya duba wata kwana inda yashi ya yi duhu, ya tona da hannu, ba a jima ba ruwa ya taru. Da shi muka jiƙa rigar yaron muka shafa masa a wuya da ƙirji, muka ba shi sauran ruwan gorarmu kaɗan-kaɗan da ɗan gishiri da sukari. Wata tsohuwa da ke tsintar itace ta gan mu, ta tafi ba ta ce komai ba, sai ga ta da ƙwaryar kunu daga gidanta da ke bayan kurmin. Muka ce, "Mama, nawa za mu bayar?" Ta ce da Hausarta mai karyewa, ruwan matafiyi ba a sayar da shi. A nan muka zauna har bayan la'asar, kamar yadda ayari zai yi, kuma Baba ya tuna mana cewa tun da safe ya ce mu juya da hantsi muka ƙi.

Akwai wani reshe na turbar da ya nufi cikin daji ta wajen duwatsu, wanda Baba ya ce shi ne ainihin hanyar da mahaifinsa ya nuna masa yana yaro. Ya tsaya a bakinsa ya nuna mana da sanda, amma ya ce ba za mu shiga ba. Ba sai mun yi wa kowa bayanin dalili ba. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Katab na 1992, da na bayan zaɓen 2011, kowanne ya bar garuruwa da unguwannin da wani ba ya shiga na wani. A watannin Satumba da Oktoba na 2016 abin ya zo har cikin Godogodo, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, mutane suka watse, wasu har yau ba su dawo ba. Bayan wannan kuma ga masu garkuwa da mutane da suka mayar da dazuzzuka mafaka. Kafin mu yi wannan 'yar tafiya ta yini ɗaya sai da muka yi kwana uku muna zagayawa muna gaida masu unguwannin ƙauyukan da za mu ratsa, muna faɗa musu ko mu su wane ne da abin da ya fito da mu. Dukkansu sun karɓe mu da mutunci, ɗaya ma ya haɗa mu da ɗansa ya raka mu har iyakar gonakinsu. Baba ya ce wannan ma ba sabon abu ba ne, madugu ba ya ratsa ƙasar mutane sai ya aika gaba an yi gaisuwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne turbar da ba a bi, damina uku ta ishe ta ɓacewa. Daga cikin lokon da Baba ya ƙirga mana da baki cewa ya sani a wannan hanya yana saurayi, guda bakwai, biyu kawai muka samu a tsaye. Sauran an sare, wasu an yi gawayi, wasu an faɗaɗa gonar citta. Sunayen rafuka da na tudu da ya riƙa kira, wasu da Hausa wasu da harshen Nindem, babu ko ɗaya a taswirar wayoyinmu. Mun rubuta guda goma sha huɗu a ranar, abokanmu biyu suka gyara mana yadda ake furta na harshensu.

Da rana ta yi sanyi muka fito bakin kwalta. Mu takwas muka tare acaɓa, ƙafafu duk sun yi bororo. Baba ya ce shi kuɗin acaɓarsa a ba shi ya sayi goro, ya gyara malafarsa ya kama hanyar gida a ƙasa, kuma kafin a kira magariba ya iso.

Mun sa ranar fita ta gaba bayan kaka, in Allah ya kai mu, daga Madakiya zuwa Matsirga, za a tashi da asuba a juyo da hantsi. Kafin nan, duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da suka san wata turba, ko loko, ko tsohon zango a tsakanin Godogodo da Gidan Waya da Jagindi, ya zauna da su ya rubuta sunan wurin da abin da ke kusa da shi, ya kawo mana a taron wata. Wanda zai zo kuma ya taho da hula da farar riga da ruwa aƙalla lita uku.